Masallatai da Majami'un Kafanchan: Tarihin da Unguwanninmu Suke Ɗauke da Shi



Duk wanda ya taɓa kwana a Kafanchan daren Asabar ya wayi gari Lahadi ya san yadda garin nan yake farkawa. Tun da sauran duhu ladanai suke fara kiran assalatu daga cikin gari, wannan ya ɗauka, wancan ya amsa. Kafin hantsi ya ɗaga, ƙararrawa da ganguna sun karɓa daga wajejen Takau da Aduwan da Katsit, matan zumunta sun fito cikin ankonsu, yara na biye da littattafai a hammata. Mu da aka haifa a nan mun saba da wannan har kunnenmu ya daina lura. Sai baƙo ya zo ya tambaye mu me ya sa masallatai suka taru a nan, coci-coci suka taru a can, sannan mu tarar ba mu da amsa a baki, ko kuma kowa ya ba da amsar da ta yi wa ɓangarensa daɗi.

Wuraren ibadar nan ba tsirowa suka yi kamar ciyawar damina ba. Kowanne akwai dalilin da ya sa aka gina shi a inda yake, akwai kuma waɗanda suka ɗauki laka da bulo a ka. In muka bi su ɗaya bayan ɗaya za mu ga cewa garin da kakanninmu suka bar mana ya sha bamban da wanda muke shirin bar wa 'ya'yanmu. Waiwaye adon tafiya ne, don haka bari mu fara daga tushe.

Kafin jirgi ya iso

Wuraren ibada mafi daɗewa a wannan ƙasa ba su da hasumiya, ba su da ƙararrawa. Kurmi ne da kogon dutse da wata 'yar bukka a bayan gari. Fantswam, waɗanda daga sunansu aka samo sunan Kafanchan, da maƙwabtansu Kaninkon da Bajju da Atyap da Kagoro da Jaba da Kagoma, kowace al'umma tana da wurin da dattawa suke ganawa da magabata. Hausawa sun haɗa abin gaba ɗaya suka kira shi dodo, su kuwa Atyap Abwoi suke ce masa. Mata da yaran da ba a shigar da su ba ba sa kusantar wurin. A can ake rantsar da wanda ake zargi, a sasanta dangi, a tsayar da ranar shuka da ta girbi. Bikin Afan da ake yi a Kagoro kowace ranar 1 ga Janairu, da Tuk Ham na mutanen Jaba, suna ɗauke da ragowar wancan zamani. Ƙasar kuwa tsohuwa ce ƙwarai. A 1928 masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu a ƙauyen Nok, daga baya aka samu wani kan yumɓun a Jama'a, wanda ya kai hannun Bature Bernard Fagg. Bincike ya nuna waɗanda suka ƙera su sun rayu a nan fiye da shekara 2000 da suka wuce.

Masallaci ya shigo yankin ne tare da fatake. Ayarin da ya taso daga Kano ko Zariya ya nufi kudu dole ya yada zango, inda aka yada zango kuwa sai an jera duwatsu an fuskanci gabas. Jerin duwatsun ya zama zana, zana ta zama ginin laka, malami ya zauna ya kafa makarantar allo. Haka garuruwa irin su Zangon Katab da Kachia da Kauru da Kajuru da Jere suka zama tsibiran Musulmi a tsakiyar al'ummomin da ke bin addinin gargajiya. Wajen shekarar 1810, a zamanin jihadi, Malam Usman da jama'arsa suka kafa masarautar Jama'a, wadda ta zauna ƙarƙashin Zazzau.

A nan akwai maganar da ya kamata mu faɗa da bakinmu, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Huldar wancan zamani ba ciniki da auratayya kawai ba ce. An yi hare-hare, an kama bayi, an kai gandu Zazzau da mutane. Al'ummomi da yawa sun hau duwatsu ne don tsira. Wannan ne ya sa wasu maƙwabtanmu, in suka dubi fada da masallacin da ke ƙofarta, abin da suke tunawa ya bambanta da abin da muke tunawa. Wanda bai fahimci haka ba ba zai gane sauran labarin ba.

Zuwan 'yan mishan

Turawan mishan na farko da suka nufo ƙasar nan ba su zo da sa'a ba. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasar Sudan. Cikin shekara guda biyu daga cikinsu sun mutu: Kent a Bida, Gowans a Girku, cikin jihar Kaduna ta yau. Bingham ne ya rayu ya ci gaba da ƙungiyar da aka sani da SIM. A 1900 wata tawagar, ta CMS, ƙarƙashin Bishop Tugwell tare da Likita Walter Miller, ta isa Kano, Sarki Alu ya sallame su, su ma suka dawo Girku suka zauna.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta taɓa addininsu ba. Saboda haka aka taƙaita wa 'yan mishan shiga biranen Musulmi, aka buɗe masu ƙasashen masu addinin gargajiya. Wannan mataki ɗaya shi ya zana rabin taswirar da muke gani yau. SIM ta kafa tasha a Kwoi a 1910, ta kafa a Kagoro a 1927, kuma duka wuraren biyu suna cikin ƙasashen da Turawa suka bari da sarakunansu, ba a ƙarƙashin sarkin Musulmi ba. A farkon shekarun 1930 aka buɗe makarantar koyon Littafi Mai Tsarki a Kagoro, wadda ta girma ta zama kwalejin horar da fastoci ta yanzu. Fada-fadan Katolika na ƙungiyar SMA su ma suka bazu cikin ƙauyuka da makarantu da ɗakunan shan magani.

Cocin ƙauye na farko ɗaki ɗaya ne na laka da jinka. Ranar Lahadi wurin sujada ne, Litinin zuwa Juma'a aji ne, da yamma kuma a wanke gyambo a ba da maganin zazzaɓi a bakin ƙofarsa. Shi ya sa karatun boko ya yi saurin kama ƙasa a kudancin lardin Zariya. Malam Gwamna Awan, wanda ya hau sarautar Kagoro a 1945 ya kuma riƙe ta har rasuwarsa a 2008, daga hannun mishan ya fito. A 1954 ikilisiyoyin SIM suka haɗu suka zama ECWA a hannun 'yan ƙasa. Wani ɗan Kwoi, Byang Kato, ya zama babban sakatarenta, daga baya ya riƙe sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka baki ɗaya kafin rasuwarsa a Kenya a 1975.

Abin da ya kamata mu Hausawa mu lura da shi, da harshenmu aka yi duk wannan aiki. Yarurrukan yankin suna da yawa, 'yan mishan ba su iya koyon kowanne ba, sai suka ɗauki Hausar da fatake suka riga suka shimfiɗa. An kammala fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a 1932, littafin waƙoƙin coci ma da Hausa yake. Har gobe in ka wuce ta gefen wata majami'a a Kagoro ko Zonkwa ko Kwoi za ka ji ana cewa Allah, Ubangiji, addu'a, zunubi, gafara, albarka, alheri, kalmomin da limaminmu yake amfani da su ranar Juma'a. Aƙidojin sun bambanta, babu mai musun haka, amma bakin da ake roƙo da shi ɗaya ne.

Garin da jirgi ya haifa

Kafanchan da muka sani 'yar reluwe ce. Layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi ya iso nan a tsakiyar shekarun 1920, a 1927 kuma aka buɗe reshen da ya haura Jos don kwasar kuza. Wurin da hanyoyi uku suka haɗu dole ya tara mutane. Aka gina tasha da loko da gidajen ma'aikata. Inyamurai suka zo a matsayin direbobi da akawuna da makanikai, Yarabawa suka zo da kasuwanci da ɗinki, Hausawa suka gangaro daga Kano da Zariya da Katsina da fatauci da fawa da dako, ga Nufawa, ga Barebari, ga Fulani da nono daga rugage, ga 'yan ƙasa da doya da citta da acca.

Kowane ayari ya zo da wurin ibadarsa. Ma'aikatan reluwe daga gabas suka kafa cocin Angilika da na Katolika, Yarabawa suka kafa Baftis, ga Methodist, daga baya ga masu fararen riguna na Kerubim da Serafim. Yarabawa Musulmi suka yi nasu masallacin inda ake wa'azi da harshensu. A 1933 aka taso da fadar Sarkin Jama'a daga tsohon mazauninta aka dawo da ita Kafanchan, kusa da jirgi da ofishin Di'o. Inda fada ta sauka kuwa nan masallacin Juma'a yake sauka, da alƙali, da filin idi, da malamai. Zawiyoyin Tijjaniyya da Ƙadiriyya suka biyo baya, ana wazifa bayan la'asar ranar Juma'a, ana Mauludi ana zaga gari.

Dawowar fada ta ba garin martaba, ta kuma dasa wata tambaya da ba ta mutu ba: Fantswam da Kaninkon suna ganin a ƙasar kakanninsu aka ajiye sarautar da ba tasu ba, kuma En'e ta ɗora masu hakimai da haraji. Mu kuma muna ganin kakanninmu ne suka sare daji tare da kowa suka raya kasuwa, kuma ba mu san wani gida ba sai nan. Maganganun biyu duka suna da ƙafar tsayawa.

Duk da haka, garin reluwe bai san unguwar addini ɗaya ba. Filayen gidaje an yanka su a jere, wanda ya samu ya gina. Gida ɗaya na haya sai ka tarar da Bahaushe mahauci da Inyamuri mai gyaran keke da Bakaje malamin makaranta, rijiya ɗaya, tsakar gida ɗaya. Masallacin unguwa da coci sukan kasance a layi guda, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce jifa ba. Da yawa cikin iyayenmu a makarantar mishan suka yi firamare da safe, da yamma su ɗauki allo. Naman layya yana tsallaka katanga ranar Babbar Sallah, shinkafa da cincin su dawo ta hanyar ranar Kirsimeti. In an yi rasuwa, kowa ya san inda zai tsaya ya yi ta'aziyya ba tare da ya keta addininsa ba.

Girgiza ta farko ta zo a 1966, lokacin da kashe-kashen arewa suka kori Inyamurai, jirage suka riƙa wucewa ta tasharmu cike da masu gudu. Kujerun wasu majami'u suka zama wayam. Bayan an gama yaƙi a 1970 da yawa sun dawo, amma kafin nan 'yan ƙasa sun cika gurbin, coci-cocin da aka kafa don baƙi suka koma hannun 'ya'yan yankin.

Lokacin da wuraren ibada suka yawaita

Daga shekarun 1970 abubuwa suka sauya ta ɓangarorin biyu. Gwamnati ta karɓe makarantun mishan, aji da coci suka rabu. A 1976 aka kafa ƙungiyar CAN, a 1978 kuma Shaikh Isma'ila Idris ya kafa Izala a Jos, tafiyar sa'o'i kaɗan daga nan. Saɓanin Izala da ɗariƙa ya sa unguwar da take da masallaci ɗaya ta koma tana da biyu ko uku, masallatan Juma'a ma suka ƙaru. A wajen Kiristoci, sababbin ikilisiyoyi masu wa'azin warkarwa da kwanan addu'a suka fara janye matasa daga tsofaffin coci-coci, suna buɗe rassa a shaguna da azuzuwa. Lasifika ta yi araha, kowa ya ɗaura tasa a saman rufi ya juya ta waje. A makarantun gaba da sakandare, ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ta ɗalibai Kirista suka zama masu ƙarfin faɗa a ji.

Girman da Kiristanci ya yi a yankin ya sa manyan ɗarikoki suka mai da Kafanchan hedkwata. Angilika ta kafa dayosis a nan a 1990. Katolika ta kafa nata a 1995, da Bishop Joseph Bagobiri a matsayin na farko, wanda bayan rasuwarsa a 2018 Bishop Julius Kundi ya gaje shi. Babbar majami'arsu tana ɗauke da sunan Peter Claver, wani fada ɗan Sifen da ya ƙarar da rayuwarsa yana hidimar bayin Afirka da ake saukewa a tashar Kartahena ta ƙasar Kolombiya. ECWA tana da gundumomi a Kafanchan da Kagoro da Kwoi da Zonkwa. Hidimar Throneroom ta Emmanuel Kure, mai doguwar hasumiyar addu'a, tana jawo baƙi daga sassan Najeriya. Gari mai matsakaicin girma ya wayi gari da bishop-bishop da sarki mai sanda da manyan malamai, duk a cikin 'yan kilomitoci.

Shekarun wuta

Ranar Juma'a 6 ga Maris 1987, a Kwalejin Ilimi da ke Kafanchan a lokacin, ɗalibai Kirista suka shirya taron wa'azi. Mai wa'azin, Rabaran Abubakar Bako, wanda Musulmi ne a da, ya taɓo Alƙur'ani a jawabinsa, ɗalibai Musulmi suka ce ya yi ɓatanci. Cacar baki ta zama dambe, dambe ya fito gari. Aka rasa rayuka, aka ƙona masallatai a nan. Da labari ya isa arewa, an ƙara masa gishiri, sai wuta ta tashi a Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙona coci fiye da 100 cikin 'yan kwanaki. Gwamnatin jiha ta kafa kwamiti ƙarƙashin Uwargida Hansine Donli, ta tarayya ta kafa kotu ta musamman ƙarƙashin Mai shari'a Karibi-Whyte. Tun daga ranar sunan garinmu ya shiga littattafan tarihi ta ƙofar da ba mu so. Tun daga ranar kuma aka koyi wata mummunar ɗabi'a: in rai ya ɓaci, wurin ibadar maƙwabci ake fara nufa da fetur.

A 1992 rikicin mayar da kasuwa a Zangon Katab ya tashi a Fabrairu, ya sake tashi a Mayu da muni. Tsohon zangon fatake ya zama kufai, ramuwar gayya ta ci mutane a Kaduna da Zariya. A Mayun 1999, ana saura kwanaki a miƙa mulki ga farar hula, bikin ba sabon Sarkin Jama'a, Alhaji Muhammadu Isa Muhammadu, sandar girma ya rikiɗe ya zama tarzoma. Tsohuwar tambayar nan ta 1933 ce ta dawo. Gwamnati ta amsa da ƙirƙiro masarautu: Atyap da Bajju sun riga sun samu nasu a 1995, Gwamna Ahmed Maƙarfi kuma ya ba Fantswam da Kaninkon da wasu da dama. Wannan ya rage zafi, amma bai mayar da waɗanda suka bar gidajensu ba.

Mafi muni shi ne na Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa. Ƙungiyar kare haƙƙin bil'adama ta Human Rights Watch ta ce mutum fiye da 800 aka kashe a jihohin arewa 12 cikin kwana uku, kuma kudancin Kaduna ne ya fi ɗaukar asara. A Zonkwa da Matsirga an yi wa Musulmi kisan gilla, waɗanda suka tsira da yawa suka ƙare a sansanin alhazai na Mando. A arewacin jihar da sauran jihohi an ƙona majami'u an kashe Kiristoci. A Kafanchan babbar kasuwa ta ƙone, gidaje da wuraren ibada na ɓangarorin biyu suka tafi. Bayan haka ƙauyukan Godogodo da kewaye da na Kaura da Zangon Katab suka shiga shekarun hare-haren dare. A Satumban 2023 'yan bindiga suka cinna wa gidan fada wuta a Fadan Kamantan, wani matashi mai koyon aikin fada ya ƙone a ciki. Babu gidan da zai ce bai yi kuka ba.

Taswirar yau

Yanzu mu zaga gari. A cikin gari, kewayen fada da babban masallaci da tsohuwar kasuwa, kusan kowane layi akwai masallacin khamsu salawati da Islamiyya. Tsofaffin majami'un zamanin reluwe da suka rage a tsakiyar gari, yawancin masu zuwa cikinsu daga wasu unguwanni suke tahowa, su yi sujada su koma. In ka fita ta Takau da Zikpak, inda fadar Agwam Fantswam take, ko Aduwan da Katsit da Garaje da Bayan Loko da Unguwar Rimi, allunan coci ne ke tarbarka ɗaya bayan ɗaya, kiran salla kuwa daga nesa yake zuwa. Kasuwa ma ta rabu, ga tsohuwa, ga wadda ake kira da sunan marigayi Gwamna Patrick Yakowa. Mai neman haya yakan fara tambayar su wane ne a unguwar kafin ya tambayi kuɗin ɗaki. Ranar Juma'a da ranar Lahadi ana gindaya katako da duwatsu a hanya, 'yan agaji da 'yan sintiri suna duba jakunkuna.

Ba mu kaɗai ba ne. Kaduna ta riga mu: bayan rikicin shari'a na 2000 da rikicin 2002, kogin ya zama iyaka, Musulmi suka tattara a Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kirista a Sabon Tasha da Narayi da Television, har ana yi wa ɓangarorin laƙabi da Makka da Urushalima. A birnin Belfast na Ireland ta Arewa, katangun da aka fara ginawa a 1969 tsakanin Katolika da Furotesta, da sunan na ɗan lokaci ne, da yawansu suna nan tsaye. Raba unguwa yana kawo barci mai daɗi na 'yan shekaru, sai dai yana haifar da yaran da ba su taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Yaron da aka haifa a 2011 yanzu ya zama saurayi. In bai taɓa ganin fasto yana yi wa kakansa sannu da jiki ba, ko liman yana zaune a zaman makokin maƙwabci Kirista, duk abin da aka tura masa a waya game da mutanen can zai gaskata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya rage a hannunmu

An yi ƙoƙari, kuma ya kamata a faɗa. A Maris 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Kachia da Sanga da Zangon Katab suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya da ke ɗauke da sunan Kafanchan, suka nemi gafarar juna a bainar jama'a. A Kaduna, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka yi gaba da juna a rikicin 1992, ɗaya ya rasa malaminsa da 'yan uwa, ɗaya ya rasa hannu, sun shafe shekaru suna yawon sulhu tare. A Yunin 2018, a wani ƙauye na Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su.

Wannan liman bai ƙirƙiro sabon abu ba. Aya ta 40 a Suratul Hajji ta ambaci wuraren ibadar Kirista da na Yahudu tare da masallatai a cikin abin da Allah yake karewa daga rushewa. Sahabban farko da aka tsananta wa a Makka, wurin sarki Kirista na Habasha suka samu mafaka. Malamanmu suna karantar da mu cewa da Sayyidina Umar ya karɓi birnin Ƙudus, ya ƙi yin salla a cikin babbar majami'ar garin don kada na baya su mai da ita masallaci, kuma har yau mabuɗin wannan majami'a yana hannun iyalan Musulmi. Wanda ya ɗauki ashana ya nufi coci da sunan kishin Musulunci bai san tarihin addininsa ba. Maƙwabtanmu Kirista su ma suna da umarnin ƙaunar maƙwabci a littafinsu, kuma fastocinsu na gari suna tuna masu.

Akwai aiki guda da ƙungiya irin tamu za ta iya ba tare da jiran gwamnati ba. Dattawan da suka ga Kafanchan ta zamanin jirgi suna ƙarewa. Mu zauna da su, mu ɗauki muryarsu a waya, mu rubuta tarihin kowane masallaci a unguwanninmu: wa ya ba da fili, su wa suka yi aikin gayya, wane ne limamin farko. Mu nemi 'yan uwanmu na majami'u su yi haka a nasu, sannan a haɗa a wuri ɗaya, har da waɗanda aka ƙona ba a sake ginawa ba, na kowane ɓangare. Duk wanda ya taɓa zama da tsofaffin garin nan ya san sunayen da za su fito ba za su jeru bisa addini ba, domin magini da kafinta da mai ba da aron fili ba a tambayarsu inda suke sujada. Sai mu sa yaranmu su karanta, mu kuma kai su ta'aziyya da barka a unguwannin da suka daina shiga.

Jirgi ya daɗe bai yi kuka a tasharmu yadda ya saba ba, loko ya yi shiru, ciyawa ta rufe layuka. Amma mutanen da ya sauke suna nan, jikokinsu ne mu, kuma babu wanda zai kwashe wani ya mayar inda kakansa ya fito. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, a baki ɗaya kuma suke kwana.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba waɗanda suka yi rashi haƙuri, ya zaunar da Kafanchan da kudancin Kaduna da Najeriya baki ɗaya lafiya. Amin.